Abincin Ƙugiya Domin Kamun Tarfon, Babban Kifin Bakin Teku

A wannan fitowa za mu jingine fartanya kaɗan, mu gangara bakin teku, mu dubi wani kifi da a ke kira tarfon, da irin abincin da a ke sa wa ƙugiya domin a kama shi. Watakila waɗansunku sun taɓa ganin hotonsa a waya: ƙaton kifi fari sal kamar azurfa, ya yi tsalle ya bar ruwa ɗungum yana kaɗa kai, mai fatsa kuwa yana cikin jirgi yana fama. Babu shi a kogunanmu na arewa. Amma akwai shi a gaɓar tekun Nijeriya, daga wajen Legas har inda Kwara ta rarrabu ta shiga teku. Wanda ya je cin rani can zai iya gamuwa da shi a kasuwar kifi ko a bakin ruwa.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. Tarfon yana da wuyar kamu ƙwarai. Tun 1885, sa'ad da wani Ba'amurke ya kama babba da sandar fatsa a Fulorida har labari ya bazu, masu nemansa ke ta nazarin abin da ya ke ci, da lokacin da ya ke ci, da yadda ya ke ci. Ga shi kuma yanzu kayan fatsa na ƙasashen waje, irin su kifin roba da cokali mai ƙugiya, suna shigowa kasuwa da tsada. Mutum ya kan ba da kuɗin mudu da yawa na hatsi ya sayi guda ɗaya, ya jefa a ruwa, ya komo gida hannu wofi. Kafin kowa ya kwance bakin aljihu, gwamma ya ji yadda waɗannan abubuwa ke aiki a hannun waɗanda suka daɗe da su.

Wane irin kifi ne?

Tarfon kifin Tekun Atalantika ne, na wuraren ɗumi. A gefen yamma ana samunsa daga Fulorida da gaɓar Meziko, ta tsibiran Karebiyan da Kosta Rika, har Burazil. A namu gefen kuwa, daga Senigal har Angola. Bayan an buɗe mashigin Panama a 1914, waɗansu sun bi ta ciki sun fita Tekun Fasifik, suna can har yau. Babba ya kan kai ƙafa 6 ko 7, wani lokaci har 8. Ɓawon jikinsa manya-manya ne, na babba guda ɗaya ya kan kusa cika tafin hannu. Mafi nauyi cikin waɗanda aka kama da fatsa aka auna aka rubuta, laba 286 ne da oza 9, watau wajen kilo 130. Ya fi buhun masara ke nan. A nan yammacin Afirka aka kama shi, kusa da tsibirin Rubane na ƙasar Gini Bisau, a watan Maris na 2003. Saliyo da Gabon ma an san su da manya.

Kun san yadda bargi da tarwaɗa ke tasowa su shaƙi iska su koma. Haka tarfon ya ke. Yana da jakar iska a cikinsa wadda ta ke haɗe da maƙogwaro, tana yi masa aiki kamar huhu. Domin wannan ya kan rayu a ruwan da waɗansu kifaye ba za su iya ba, kamar fadamun gishiri masu zafi, inda ƙananansa ke girma ba manyan kifaye da za su cinye su. Domin wannan kuma ba ya iya ɓoye kansa. Tilas ya taso ya mirgina, bayansa ya yi walƙiya, ya nutse, kumfa ta biyo. Masunci ya kan tsaya da sassafe ya ga inda su ke mirginawa da inda suka dosa. Amma fa mirginawa dabam, ci dabam. Su kan yi ta mirginawa kewaye da jirgi su ƙi taɓa kome. Masu kamunsa sun ce in yana mirginawa a hankali, yana nan kusa da sama, a sa masa abinci sama. In kuwa ya taso da sauri ya buga wutsiya ya nutse, ƙasa ya koma, sai a bi shi can.

Ruwan gishiri da ruwan daɗi duk yana zama ciki. A Nikaraguwa ya kan hau kogin San Huwan har cikin babban tafkin ƙasar. Abin da ba ya so shi ne sanyi. Ya fi jin daɗi in ɗumin ruwa yana wajen digiri 22 zuwa 28. In ya sauko wajen 15, ya kan daina ci, ko da me aka sa wa ƙugiya.

A fara duban bakinsa da idonsa

Wanda ya ke so ya san abin da kifi zai ci, sai ya buɗe bakinsa ya duba. Bakin tarfon sama ya ke kallo. Haɓarsa ta ƙasa ta zarce ta sama, tana buɗewa kamar marfin bokiti. Ba shi da haƙora masu yanka irin na tsage. Ƙanana ne ƙwarai, in ka shafa sai ka ji kamar samfefa. Ba ya tauna abinci. Ya kan zo daga ƙasa, ta baya, ya wage baki ya zuƙe kifin ɗungum tare da ruwa. Cikin bakin kuwa ƙashi ne mai tauri, ƙugiya ba ta cika samun wurin kamawa ba.

Idonsa babba ne, har sunan da masana suka ba shi da Helenanci ma'anarsa mai babban ido. Yana gani sosai da asuba, da almuru, da dare. A Fulorida, inda fitilun gada ke haska ruwa da dare, ya kan laɓe a gefen inuwa yana jiran abin da ruwa zai kawo cikin haske. Da rana tsaka kuwa, in ruwa garau ya ke, yana ganin zare, yana ganin jirgi, yana ganin mai jirgin. Kifi na ganinka mai jar koma, ai kamar dominsa aka yi maganar.

Daga nan abu uku ke fitowa, kuma duk sauran maganarmu a kansu ta ke tsaye. Abinci ya kasance sama da shi ko daidai da shi, gama wanda ya wuce ta ƙarƙashin cikinsa ba zai gani ba. Ya kasance wanda zai iya haɗiyewa da zuƙa ɗaya. Sa'an nan ya yi motsi irin na abin da ke gudun ransa. Wannan na ƙarshe shi ne inda baƙi suka fi kuskure. Su kan jefa nesa bayan kifin, su jawo abincin ya doso fuskarsa. Ƙaramin kifi ba ya tunkarar wanda zai cinye shi, tarfon kuma ya san haka. Da ya ga abu ya doso shi, sai ya firgita ya watsa sauran garken. A jefa gabansa da 'yar rata, a bar shi ya iso, sa'an nan a ja abincin ya gifta ko ya yi kamar zai tsere.

Abinci mai rai

In ana maganar wanda ya fi kamu, mai rai ne a gaba. Cikinsu kuwa na farko shi ne wani kifin bakin teku da a ke kira mulet. Jikinsa a mulmule ya ke, yana kiwo cikin laka da gansakuka, yana tafiya garke-garke kusa da sama, yana yawan tsalle. Akwai shi a gaɓar Amurka, akwai shi a tamu. A gabashin Fulorida, wajen watan Satumba da Oktoba, garkunan mulet kan bi gaɓa su nufi kudu, tarfon na biye da su yana ci. A wannan lokaci ba sai an yi dogon tunani ba, abin da ya ke ci a gabanka shi za ka ba shi. Mai tsawon inci 6 zuwa 12 ya isa. Inda babu mulet, a kan sa kifaye masu sheƙi irin dangin bonga da shawa, waɗanda kun san su a kasuwa, ko da ya ke ku busasshe ko na ƙanƙara ku ke gani. Waɗannan suna da mai, suna ƙyalli, amma ba su da juriya, su kan mutu da wuri.

Wurin soka ƙugiya yana da muhimmanci. In ruwa yana gudu, ko ana jan abincin a bayan jirgi, a soka ta a hanci ko leɓen sama, domin kifin ya fuskanci ruwa ya yi iyo daidai. In an soka a baya cikin ruwa mai gudu, ruwa zai juya shi ya shaƙe shi. In ruwa a tsaye ya ke, ana iya sokawa a gadon baya, sama-sama, kada a taɓa ƙashin baya. Waɗansu ba su soka ƙugiyar a jikin kifin sam. Su kan zura ƙaramar roba da allura ta hancinsa, su ɗaura ƙugiyar a kan robar, ta zauna a waje. Kifin ya fi daɗewa da rai, bakin ƙugiya kuma ba abin da ya rufe shi. Ni a ganina wannan dabara ta cancanci ɗan wahalar da ke cikinta, gama sau da yawa abin da ke hana kamu shi ne ƙugiya ta juya ta nutse cikin jikin abincin.

Sai ƙaguwa. Mutum zai yi mamaki kifi mai kilo 50 ya kula da 'yar ƙaguwa mai faɗin inci 2 ko 3, amma akwai lokacin da ba ya son kome sai ita. Ga yadda abin ya ke. Ruwan teku yana cikowa yana janyewa kowace rana, kuma cikowa da janyewar sun fi ƙarfi sa'ad da wata ya cika da sa'ad da ya ɓace. A yammacin Fulorida akwai wata mashiga mai zurfi da a ke kira Boka Girande, inda ruwan wani babban lungun teku ke fita. Cikin watan Mayu da Yuni, a irin waɗannan kwanaki, ruwa kan janye da ƙarfi da yamma ya kwaso ƙananan ƙaguwa masu iyo, ga su nan birjik a saman ruwa. Tarfon kan taru da dubbai a mashigar yana tsince su ɗaya ɗaya. Masu fatsa su kan kwashi ƙaguwar da ƙaramar koma mai dogon mariƙi, su soka ƙugiya a kusurwar ƙoƙon bayanta, su sake ta ta bi ruwa tare da 'yan'uwanta, ba darma, ba kome.

A nan akwai abin lura biyu. Ƙoƙon ƙaguwa ya kan tsage in an danna ƙugiya da ƙarfi, sai a riƙa murza ta a hankali kamar mai huda ƙwarya, daga ƙasa ta fito sama. Ƙaguwar da aka soka a tsakiya ta mutu ke nan. Na biyu, a sakar mata zare. In zare ya miƙe ya riƙe ta, sauran ƙaguwa suna tafiya da ruwa ita tana tsaye ko tana jan layi a sama, tarfon zai ci na hagunta da na damanta ya bar ta. Ƙaguwa tana da wani amfani kuma: ba ta saurin mutuwa, ƙananan kifaye kuma ba su cika damunta ba.

Can kudu, a jerin tsibiran da ke ƙarshen Fulorida, akwai wani abu mai kama da wannan. Wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, da yamma in ruwa yana janyewa, waɗansu tsutsotsi ja-ja masu tsawon ɗan yatsa kan fito daga duwatsun ƙarƙashin ruwa su yi iyo a sama domin haihuwa. Kwana kaɗan ne abin ke yi. Cikin kwanakin nan tarfon ba ya kallon mulet, ba ya kallon ƙaguwa, sai tsutsa. Kun ga dai yadda kaji ke yi ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko.

Jatan lande babba shi ma yana kamu, musamman da dare da kuma lokacin sanyi-sanyi. A soka shi a ƙarƙashin ƙahon kansa, a kauce wa baƙin ɗigon da a ke gani a ciki. Aibinsa ɗaya, kowane ɗan kifi yana sonsa, kafin babba ya iso an cinye.

Duk wannan ba shi da amfani in abincin ya galabaita. Kada a cika su da yawa cikin bokiti. A riƙa sauya ruwa, a ajiye a inuwa, a jiƙa hannu kafin a taɓa su. Wanda ba shi da injin hura iska, kwando mai marfi ko jarka mai huji da aka rataya cikin ruwa a gefen jirgi ta wadatar. Wanda ya fara juya ciki sama, a cire shi a sa sabo.

Matacce ma yana da ranarsa

Kada wani ya raina mataccen kifi. Manyan tarfon, musamman a bakin kogi inda ruwa ya ke da laka ba a gani sosai, su kan bi ƙanshi su ɗauki abinci a ƙasa. A kan yanka mulet biyu, ko a sa shi ɗungum, a jefa ya kwanta, a kafa sanda a jira. A nan maganar abinci ya kasance sama ba ta aiki, gama hanci ke ja, kifin kuma ya kan karkata jikinsa ya zuƙe shi daga ƙasa. Wannan ita ce hanya mafi araha, ba ta kuma bukatar gwaninta wajen jifa. Sharaɗinta shi ne kifin ya zama sabon kamu, mai jini da mai. Tarwaɗa ce ke son ruɓaɓɓe. Wahalarta kuwa, ba tarfon kaɗai ke kiwo a ƙasa ba. Kifin shak da sauran masu kiwon ƙasa da ƙaguwa duk za su zo, saboda haka a tanadi abinci da yawa da haƙuri.

Kifin ƙarya

To, mu zo ga abin da ke cin kuɗi. Amfanin abincin ƙarya a fili ya ke. Ba ya mutuwa, ba ya wari, ba sai ka ɓata safiya kana neman abin da za ka sa wa ƙugiya ba, kuma kana iya jifa nan da can ka bincika wuri mai faɗi. Amma shi ba ya motsi da kansa. Dukan ransa a hannun mai jansa ya ke.

Wanda aka fi amfani da shi yanzu shi ne na roba mai laushi, mai siffar ƙaramin kifi ko doguwar tsutsa, inci 5 zuwa 9, da ƙugiya guda ɗaya mai ƙarfi. Wani yana da wutsiya mai faɗi da ke kaɗawa in an ja shi. Yana da kyau domin laushinsa, kifi ba ya saurin tofar da shi. Jansa kuwa a hankali ne, bai ɗaya, ba fizge-fizge. Mafi yawan masu koyo sauri su ke yi. In ka ga kifin ya biyo, kada ka tsaya cak, kada kuma ka ruɗe ka ƙara gudu. Ci gaba yadda ka ke.

Akwai na katako ko na roba mai tauri, wanda aka fenta kamar kifi. Wani yana yawo a sama yana fantsama ruwa, wani yana nutsewa a hankali. Su ne suka fi ɗaukar ido a kanti, su ne kuma suka fi tsada. Yawancinsu suna zuwa da ƙugiya mai baki uku, biyu ko uku a jiki. Mai saye ya kan ce, baki tara ai ya fi ɗaya. Ga tarfon ba haka ba ne. Ƙarfin ja ya kan rarrabu a kan bakunan, ba wanda ya shiga ƙashi sosai. Da kifin ya yi tsalle ya kaɗa kai, nauyin katakon da ke lilo a waje shi ne zai fizge ƙugiyar ya fitar. Sau da yawa kuma abin ya kan dawo da ƙarfi ya nufi fuskar mai fatsa. Shi ya sa gwanaye ke cire masu baki uku su sa mai baki ɗaya. Haka kuma cokali, watau ƙarfe mai ƙyalli da ke juyi cikin ruwa, da darma mai gashi wadda a ke saukarwa wuri mai zurfi a riƙa ɗagawa ana saki: suna sa kifi ya kawo hari, amma nauyinsu ya kan taimake shi ya kuɓuta.

Mafi ban mamaki shi ne mafi ƙanƙanta. Gashin kaza ne da gashin zomo a ke ɗaurawa a kan ƙugiya da zare, tsawonsa inci 2 zuwa 4, ba shi da nauyin kirki. Ana jefa shi da wata irin sanda ta musamman, a ruwa marar zurfi mai haske inda a ke ganin kifin da ido. Gashin ya kan buɗe ya rufe cikin ruwa kamar abu mai numfashi. Da wannan a ke kama kifi mai laba 100 da ɗoriya. Da ya ke ba shi da nauyi, kifin ba ya samun abin da zai yi lilo da shi. Sandar da zarenta suna da tsada ƙwarai, amma shi kansa gashin, kowane gida mai kaji yana da shi.

Maganar launi an yi ta gardama a kanta, kowa da nasa. Abin da yawancinsu suka yarda da shi ke nan. Da asuba, da almuru, da dare, da cikin ruwan laka, a sa mai duhu, baƙi ko shuɗi mai duhu. Dalili kuwa, kifin daga ƙasa ya ke duba sama, abu mai duhu shi ya fi fitowa a kan hasken sararin sama. Da rana cikin ruwa garau, a sa fari, ko ruwan ƙasa, ko ruwan ɗorawa mai ɗan kore, a kuma rage girma. Ni dai ina ganin mai launi biyu, mai duhu da mai haske, wanda ya iya ja, ya fi mai akwati cike wanda bai iya ba. Girma da zurfi da saurin ja duk sun riga launi. Wannan kuwa haka ya ke ga giwan ruwa da tsage, waɗanda su ma su kan kai wa cokali da kifin katako hari.

Ƙugiya da zaren gaba

In kuɗi kaɗan ne, a nan ya kamata a kashe su. Araha ba ta ado. Ƙugiya mai laushi za ta miƙe, marar kaifi kuwa za ta zame a kan ƙashi. A gwada ta a farce: in ta kama, tana da kaifi, in ta zame, a wasa ta ko a sauya.

Ga abinci mai rai ko matacce, an fi son ƙugiya mai zagaye, wadda bakinta ya lanƙwaso ya kalli jikinta. A kanti lambarta ta kan kama daga 5/0 zuwa 8/0, a kan kuma zaɓa bisa ga girman abincin. 'Yar ƙaguwa ba za ta iya iyo da ƙatuwar ƙugiya ba. Aikinta ya saɓa wa abin da hannunmu ya saba. Mu in mun ji kifi ya ja, fizgewa mu ke yi. Ita kuwa in ka fizge, za ta fito daga bakin ba ta kama kome ba. Sai ka bari kifin ya rufe baki ya juya, zare ya miƙe da kansa, sa'an nan ka riƙa naɗewa. Ƙugiyar za ta zamo har kusurwar baki, inda akwai 'yar tsoka, ta kama can. Ba ta cika shiga ciki ta raunata shi ba. Ga abincin ƙarya mai ƙugiya irin ta kullum, a jira sai an ji nauyin kifin tukuna, sa'an nan a ja da ƙarfi ta gefe. Wanda ya ja tun yana ganin baki a buɗe, daga bakin ya ƙwace.

Tsakanin ƙugiya da babban zare a kan sa guntun zare mai kauri, ƙafa 4 zuwa 6, wanda zai iya ɗaukar laba 60 zuwa 100. Waya ba ta da amfani a nan, gama ba haƙori mai yanka, kifin kuma yana ganinta. Abin da a ke tsoro shi ne goga. Bakin nan mai kama da samfefa da kaifin marfin kunnensa su kan ci zare a hankali har ya tsinke. Bayan kowane kifi a bi zaren da yatsa, in an ji kaushi a yanke a sake ɗauri. In ruwa garau ya ke kuma kifi yana ƙin ci, a kan rage kaurin zaren, a yarda da asarar waɗansu.

Da ya ji ƙugiya, sama zai yi. A lokacin nan sai mai fatsa ya miƙa sandar wajen kifin ya sunkuya, zare ya yi sako-sako, domin kada nauyinsa ya faɗo a kan zare a miƙe. Turawa suna kiransa sarkin azurfa, suna kuma ce da wannan sunkuyo gaisuwar sarki. Duk da haka waɗanda ke kuɓuta sun fi waɗanda a ke kawowa bakin jirgi yawa. Ga mai ƙaramin kwalekwale kuwa, ga gargaɗi: kada ya naɗa zare a hannu ko a ƙafa, kada kuma ya jawo babban kifi kusa tun yana da ƙarfi. Tarfon ya sha faɗowa cikin jirgi ya ji wa mutane ciwo.

Doka, da maganar kiwo

A Amurka ba su cin namansa, sun ce ƙaya ta yi yawa. Domin wasa su ke kama shi, baƙi kuma suna biyan kuɗi mai yawa ga masu jirgi su kai su. Tun 2013 dokar Fulorida ta ce a sake shi bayan kamu, wanda ya wuce inci 40 kuma kada a fitar da shi daga ruwa. A wannan shekara aka hana wata irin darma a Boka Girande, wadda nauyinta ke rataye ƙarƙashin ƙugiya, domin an ga tana sarƙe kifin ta waje ko bai ci ba, kamar yadda mari-mari ke yi. A yammacin Afirka da waɗansu ƙasashen Amurka ta Kudu kuwa abinci ne, ana ci ɗanye a dafa, ana kuma banda shi.

Abin da ya sa a ke lallaɓa shi shi ne jinkirin girmansa. Ya kan yi wajen shekara goma kafin ya fara haihuwa, mace kuma ta kan wuce shekara 50. Wata da aka ajiye a gidan kallon kifi na Shikago ta haura shekara 60 kafin ta mutu a 1998. In an kwashe manya, ba a shekara biyu ko uku za a mai da gurbinsu ba. An riga an sa shi cikin jerin halittun duniya da yawansu ke raguwa.

A ƙasar Ilaje ta Jihar Ondo akwai masu kiwonsa cikin kududdufi. Daga rafuffukan bakin teku su ke kamo ƙanana, gama can cikin teku ya ke zuba ƙwai, ba ya haihuwa a kududdufi. Ƙungiyar da ke da kududdufin karfasa, in wani ya zo mata da tallar 'ya'yan tarfon, ta tuna da bakin nan da muka duba. Kifi ya ke ci. In karfasa sun hayayyafa sun cika wuri har ba su girma, kaɗan daga cikinsa za su rage ƙananan. In kuwa an zuba shi tare da 'ya'yan kifin da aka saya da kuɗi, su ne za su zama abincinsa. A wuraren da hunturu ke sanyaya ruwa ƙwarai, kamar kan tudun Jos da Mambila, zai daina ci tun kafin sanyin ya kai tsakiya.